Marigayi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rayuwarsa, Aikinsa da Yadda Ya Dace a Karrama Shi

Duk wanda ya tashi shirya taron tunawa da marigayi Mai Shari'a Uwais, ko lauya ne, ko malamin makaranta, ko ɗalibin shari'a, ko ƙungiyar ’yan gari, tambayoyi kusan iri ɗaya yake cin karo da su. Mutane da yawa sun san sunan, sun ji ana cewa "rahoton Uwais", wato rahoton kwamitin gyaran harkar zaɓe da ya shugabanta, duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, amma kaɗan ne za su iya faɗin abin da mutumin ya yi a kan kujerar shari'a. An tattara waɗannan amsoshi ne domin wanda zai yi magana a kansa ya yi ta da sani.

Wane ne Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais?

An haife shi a Zariya ranar 12 ga Yuni, 1936, a gidan ilimi da alƙalanci, domin mahaifinsa alƙali ne a masarautar Zazzau. Ya zama alƙalin Kotun Ƙoli ta Najeriya a 1979 yana da shekara 43, ya kuma zauna a wannan kotu har shekara 27. Daga Disamba 1995 zuwa Yuni 2006 shi ne Alƙalin Alƙalan Najeriya. Ya gaji Mai Shari'a Muhammadu Bello, mutumin Katsina, shi kuma Mai Shari'a Salihu Modibbo Alfa Belgore ya gaje shi. In aka cire Sir Adetokunbo Ademola, wanda ya riƙe kujerar daga 1958 zuwa 1972, babu wanda ya kai shi daɗewa a kanta.

Allah Ya yi masa rasuwa a Abuja ranar Juma'a, 6 ga Yuni, 2025, ranar da aka yi Babbar Salla, saura kwana 6 ya cika shekara 89. An yi masa salla a Babban Masallacin Ƙasa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Me ya sa ake kiransa alƙalin tarayya, kuma mene ne bambancinsa da alƙalin da muka sani a gari?

Kotunan Najeriya hawa-hawa ne, wasu na jihohi, wasu na tarayya. Kotun majistare, kotun shari'ar Musulunci ta unguwa, Babbar Kotun Jiha da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci duk na jiha ne. Babbar Kotun Tarayya, Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli kuwa na tarayya ne, shugaban ƙasa ke naɗa alƙalansu bisa shawarar hukumar kula da harkokin shari'a ta ƙasa, wato NJC, kuma na Kotun Ƙoli sai Majalisar Dattawa ta amince. Rigimar gado da aka fara a gaban alƙali a Zariya ko Gusau tana iya hawa wannan tsani har ta isa Abuja, kuma abin da Kotun Ƙoli ta faɗa shi ne ƙarshe.

Wani abin lura ga mai shirya jawabi: a Kotun Ƙoli mutum ɗaya ba ya yanke hukunci. Alƙalai 5 ke zama a kan shari'a, ko 7 idan maganar ta shafi tsarin mulki ko rigima ce tsakanin gwamnatoci. Ɗaya ke rubuta babban hukunci, sauran su goyi baya ko su saɓa. Saboda haka idan aka ce "hukuncin Uwais", wani lokaci shi ne ya rubuta, wani lokaci shi ne dai ya jagoranci zaman. Adalci ne a riƙa bambance biyun, kuma an yi haka a amsoshin da ke ƙasa.

Ta yaya ɗan Zariya na wancan zamani ya zama lauya har ya kai wannan matsayi?

Ya yi Midil ta Zariya, ya wuce Kwalejin Barewa. Lokacin da ’yancin kai ya ƙarato, lauyoyi ’yan asalin Arewa ba su taka kara sun karya ba, ga shi kuma gwamnatin Sardauna ta kawo sabuwar dokar hukunta laifuka wadda ke buƙatar ma'aikata masu horo. Sai aka buɗe kwas na shari'a a makarantar horon ma'aikata da ke Kongo a Zariya, wanda ke shirya matasa su tafi Ingila su ƙarasa. Ta wannan ƙofa Uwais ya bi. Ya zama cikakken lauya a Middle Temple, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin horon lauyoyi da ke Landan, a 1963, ya dawo ya yi makarantar horon lauyoyi ta Legas, aka sa sunansa a rajistar lauyoyin Najeriya a 1964.

Bai buɗe ofishin kansa ba. Ya shiga Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa a matsayin lauyan gwamnati, da aka raba jihohi ya ci gaba a Jihar Arewa ta Tsakiya har ya zama babban sakataren ma'aikatar. A 1973 aka naɗa shi alƙalin Babbar Kotu, a 1977 ya shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya wadda ba ta daɗe da kafuwa ba, bayan shekara 2 kuma sai Kotun Ƙoli. Sunansa ya kai har waje: a 1993 gwamnatin Siri Lanka ta gayyace shi, tare da wani alƙali daga Gana da wani daga Niyu Zilan, su binciki mutuwar wasu manyan hafsoshin sojanta.

Gaskiya ne yana cikin alƙalan da suka yanke shari'ar Awolowo da Shagari?

Gaskiya ne, kuma makonni kaɗan ke nan da zuwansa kotun. Dokar zaɓen 1979 ta ce sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, jihohin kuma 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuwa ya samu kusan kashi 20 cikin ɗari. Cif Obafemi Awolowo ya ce sai jihohi 13, lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da kashi biyu cikin uku na jiha ta 13. Ranar 26 ga Satumba, 1979, saura kwana 5 soja su miƙa mulki, kotun ta tabbatar wa Shagari nasara. Mai Shari'a Atanda Fatayi-Williams ne ya jagoranta, Uwais na cikin masu rinjaye, Mai Shari'a Kayode Eso kuma ya saɓa.

Har yau lauyoyi na gardama a kan wannan hukunci. Wanda zai ambace shi a taro ya faɗi yadda aka yi, ya kuma faɗi cewa akwai wanda ya saɓa.

Ya zama Alƙalin Alƙalai a zamanin Janar Abacha. Wannan bai ɓata masa suna ba?

Tambaya ce da ta cancanci amsa ba kwana-kwana. Lokacin da ya hau kujerar, soja sun jingine manyan sassan tsarin mulki, suna kafa dokokin da ke hana kotu ko da sauraron ƙara a kan abin da gwamnati ta yi. Makonni kaɗan kafin naɗinsa, ranar 10 ga Nuwamba, 1995, aka rataye Ken Saro-Wiwa, ɗan fafutukar ƙabilar Ogoni, da mutum 8 bisa hukuncin wata kotu ta musamman wadda ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta zuwa kotunan ƙasa. Kotun Ƙoli ta wancan lokaci hannunta a ɗaure yake, kuma babu amfanin a ce ta yi abin da ba ta yi ba.

Akwai masu ganin ya kamata manyan alƙalai su ajiye aiki a irin wannan hali. Ra'ayina shi ne da sun ajiye, soja ba za su rasa waɗanda za su cike gurbin ba, kuma da ba a samu kotun da ta tsaya da ƙafarta daga 1999 ba. Shi ne ya rantsar da Janar Abdulsalami Abubakar a Yuni 1998, shi ne ya rantsar da Cif Olusegun Obasanjo ranar 29 ga Mayu, 1999, shi ne kuma shugaban farko na hukumar NJC da sabon tsarin mulki ya kafa. Abin da zai nuna ko wane iri ne shi yana cikin shekaru 7 da suka biyo baya, lokacin da doka ta sakar masa hannu. Amsa ta gaba ta yi bayaninsu.

Waɗanne hukunce-hukunce ne bai kamata a bari ba idan ana maganarsa?

Na farko shi ne na rajistar jam'iyyu. A 1999 jam'iyyu 3 ne kawai, PDP da APP da AD, a 2002 aka ƙara 3. Hukumar zaɓe ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri waɗanda ƙaramar jam'iyya ba za ta iya cikawa ba. Alhaji Balarabe Musa na PRP da Cif Gani Fawehinmi da wasu suka kai ƙara. A Nuwamba 2002 Kotun Ƙoli, Uwais na jagoranta, Mai Shari'a Emmanuel Ayoola na rubuta babban hukunci, ta ce hukumar ba ta da ikon ƙara wani sharaɗi a kan abin da tsarin mulki ya tanada. Kafin zaɓen 2003 jam'iyyu sun kai 30. Wasu na cewa wannan ya jawo cunkoson jam'iyyun da ba su da ko kansila, kuma da gaskiyarsu, amma ƙa'idar da aka kafa ta fi wannan damuwa nauyi: hukumar gwamnati ba za ta ƙuntata haƙƙin da tsarin mulki ya bayar ba don kawai ta sauƙaƙa wa kanta aiki.

Na biyu shi ne na kuɗin ƙananan hukumomin Legas, kuma shi da kansa ya rubuta. Gwamna Bola Tinubu ya ƙirƙiro sabbin ƙananan hukumomi 37 a kan 20 da ke akwai. Katsina, Neja, Nasarawa da Ebonyi su ma sun yi irin wannan. Shugaba Obasanjo ya sa aka riƙe kason ƙananan hukumomin, sauran jihohin suka janye, Legas ta tafi kotu. Ranar 10 ga Disamba, 2004, kotun ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin da tsarin mulki ya ce a biya, ta kuma ce sabbin ƙananan hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta sa su cikin jerin da ke tsarin mulki. Kowane ɓangare an faɗa masa iyakarsa. Gwamnatin tarayya ta yi ta jan ƙafa, sai zamanin Shugaba Umaru Musa ’Yar'aduwa aka ƙarasa biyan kuɗin. Gwamnan da ya kai ƙarar shi ne shugaban ƙasa ranar da Uwais ya rasu.

Na uku, wanda shi ma shi ya rubuta, ya shafi hukumar ICPC. Jihar Ondo ta ce Majalisar Tarayya ba ta da hurumin kafa hukumar yaƙi da cin hanci da za ta yi aiki a jihohi. A Yuni 2002 kotun ta ce tana da shi, sai dai ta soke sassa 2 na dokar da suka wuce gona da iri. Da hukuncin ya fita akasin haka, da wuya a ce EFCC, wadda aka kafa bayan nan, ta samu ƙasar takawa a jihohi. A shekarar dai kotun ta rushe yunƙurin Majalisar Tarayya na tsawaita wa'adin shugabannin ƙananan hukumomi daga shekara 3 zuwa 4, ta ce wannan aikin majalisun jihohi ne.

Ana zargin ya fifita Arewa a rikicin kuɗin man fetur. Haka ne?

Sai a duba shari'o'in biyu tare, domin wanda ya kalli ɗaya kawai zai yi kuskure. Tsarin mulki ya ba jihar da aka haƙo albarkatu a cikinta aƙalla kashi 13 cikin ɗari na kuɗin da aka samu. Tambayar ita ce, man da ake haƙowa can cikin teku na wace jiha ne? Ranar 5 ga Afrilu, 2002, kotun, Uwais na jagoranta, Mai Shari'a Michael Ogundare na rubuta babban hukunci, ta ce iyakar jihohi 8 na gaɓar teku ta tsaya ne a bakin ruwa, abin da ke gaba na tarayya ne. Akwa Ibom ta fi kowa jin jiki, kuma a yankin Neja Dalta an yi ta cewa hukuncin na ’yan Arewa ne. A cikin hukuncin nan ne kuma kotun ta hana gwamnatin tarayya ɗebe wasu kuɗaɗe daga asusun tarayya kafin a raba, abin da ya amfani kowace jiha.

Daga baya aka sasanta ta hanyar siyasa. A 2004 aka yi dokar da ta ce man da ke cikin ruwan da zurfinsa bai wuce mita 200 ba za a lissafa shi cikin kason jihohin gaɓar teku. Gwamnonin Arewa 19 da wasu 3 na Kudu maso Yamma suka garzaya Kotun Ƙoli suna neman a soke dokar. A Disamba 2005 kotun da Uwais ke shugabanta ta yi watsi da ƙarar tasu. Mutumin da ya zo don ya yi wa yankinsa aiki ba haka zai yi ba. Wannan shari'a ta biyu ita ce aka fi mantawa da ita, ita ce kuma ya fi kamata mu ’yan Arewa mu riƙa ambata.

To shari'ar Buhari da Obasanjo fa? Mutane da yawa har yau ba su huce ba.

An yi zaɓen ranar 19 ga Afrilu, 2003. Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta yanke hukunci ba sai Disamba 2004, inda ta soke sakamakon Jihar Ogun amma ta bar zaɓen a tsaye, Mai Shari'a Sylvanus Nsofor kuma ya saɓa, ya ce a soke shi gaba ɗaya. Ranar 1 ga Yuli, 2005, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar Janar Muhammadu Buhari. A lokacin Obasanjo ya riga ya cinye fiye da rabin wa'adinsa.

Dokar zaɓe ta ce ba a soke zaɓe saboda an saɓa ƙa'ida, sai mai ƙara ya nuna cewa saɓawar ta kai ga sauya sakamako, kuma shi ne zai kawo shaida rumfa-rumfa a ƙasar da ke da rumfunan zaɓe fiye da 100,000, alhali takardun suna hannun hukumar da yake ƙara. Wanda ya ga abin da ya faru a 2003 da idonsa yana da hujjar jin zafi, ba kuma za a ce masa ya daina ba. Abin da zan ƙara shi ne, alƙalin da ya yi hukunci da wannan doka shi ne ya dawo bayan shekara 3 ya rubuta cewa a sauya ta. Duba amsar da ta yi bayanin abin da ke cikin rahotonsa, za ka ga manyan shawarwari biyu sun fito ne kai tsaye daga ciwon wannan shari'a.

Yaya aka yi "rahoton Uwais" ya samu?

Zaɓen Afrilu 2007 ya yi munin da shi kansa wanda ya ci, Umaru Musa ’Yar'aduwa, ya faɗa ranar rantsar da shi cewa akwai kurakurai. A Agusta 2007 ya kafa kwamitin mutum 22 don gyaran harkar zaɓe, ya ba Uwais shugabanci, shekara guda da ’yan watanni bayan ya yi ritaya. Cikin ’yan kwamitin akwai Farfesa Attahiru Jega, Sheikh Ahmad Lemu, Matthew Hassan Kukah, Farfesa Bolaji Akinyemi, Olisa Agbakoba da Festus Okoye. Sun zaga shiyyoyin ƙasar suna sauraron jama'a, suka miƙa rahoto a Disamba 2008, haɗe da daftarin dokokin da za a kai majalisa.

Me rahoton ya ƙunsa?

Babbar shawarar ita ce a cire hannun shugaban ƙasa daga zaɓo shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa, wato INEC. Kwamitin ya ce NJC ta tallata gurbin, ta tantance masu nema, ta miƙa sunaye 3 ga Majalisar Magabata ta Ƙasa, ita kuma ta zaɓi ɗaya ta aika Majalisar Dattawa. Dalilin a fili yake: ɗan wasa ba ya zaɓar alƙalin wasan da zai buga. Sun kuma ce kuɗin hukumar ya riƙa fita kai tsaye daga asusun gwamnati ba sai ta roƙi kowa ba, a kuma rage mata kaya, a kafa hukuma dabam mai hukunta masu laifin zaɓe, wata mai rajistar jam'iyyu da sa musu ido, wata mai shata mazaɓu. Hukumomin zaɓe na jihohi, waɗanda kowa ya san jam'iyyar gwamna ke lashe duk kujerun da suka shirya zaɓensu, kwamitin ya ce a haɗe su cikin INEC.

Shawarwari biyun da suka taso daga shari'ar Buhari ta 2005 su ne waɗannan. Na ɗaya, a yi zaɓe da wuri, a ƙayyade wa kotuna lokaci, a gama duk wata ƙara kafin a rantsar da kowa, don kada mutum ya riƙa kare kujerarsa da ƙarfin kujerar. Na biyu, idan aka kai ƙara, INEC ce za ta tabbatar wa kotu cewa ta bi ƙa'ida, ba mai ƙara ne zai ɗauki nauyin duka ba. Akwai kuma shawarar a bar mutum ya tsaya takara ba tare da jam'iyya ba, da ta ware wasu kujerun majalisa da za a raba wa jam'iyyu gwargwadon ƙuri'un da suka samu, don wanda ya zo na biyu kada ya tashi a tutar babu, mata da masu buƙata ta musamman kuma su samu shiga.

Nawa aka aiwatar daga ciki?

Kaɗan. Gwamnatin ’Yar'aduwa ta karɓi wasu, ta ƙi babbar, wato ta naɗin shugaban INEC. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba hukumar ’yancin kuɗi, ya kuma ƙayyade kwana 180 ga kotun sauraron ƙarar zaɓe da kwana 60 ga ɗaukaka ƙara. Wannan ci gaba ne na gaske, shi ya sa ba a ƙara ganin shari'ar zaɓen shugaban ƙasa ta kai shekara 2 ba. A shekarar ce kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya naɗa Farfesa Jega, ɗan kwamitin, shugaban INEC.

Amma har ranar da Uwais ya rasu, shekara 16 da rabi bayan miƙa rahoton, shugaban ƙasa ne ke zaɓo shugaban INEC, babu hukumar hukunta masu laifin zaɓe, babu ɗan takara mai zaman kansa, hukumomin zaɓe na jihohi na nan, ana kuma rantsar da mutane ƙararsu na gaban kotu. Taron ƙasa na 2014 da kwamitin Sanata Ken Nnamani na 2016 sun sake bin sawun maganar, dokar zaɓe ta 2022 ta kawo gyare-gyare masu amfani, amma waɗannan ginshiƙai ba a taɓa su ba. Abin yana da ciwo, ganin jam'iyyun da suka yi ta kiran a aiwatar da rahoton suna adawa sun yi shiru da suka samu mulki.

Yaya kotuna ke karrama alƙalin da ya rasu?

Al'adar ita ce zaman kotu na musamman na bankwana. Alƙalai kan fito cikin manyan rigunansu, lauyoyi su cika ɗakin, shugaban kotun ya karanta tarihin marigayin, sannan Antoni Janar, wakilin manyan lauyoyi masu lambar SAN da shugaban ƙungiyar lauyoyi ta NBA su yi jawabi bi da bi. Ga Musulmi, tunda ba a jinkirta jana'iza, zaman kan zo ne daga baya. Akan kuma sa wa gini suna: harabar cibiyar horon alƙalai ta ƙasa da ke Abuja tana ɗauke da sunan Mai Shari'a Muhammadu Bello. Lauyoyi da malaman jami'a kan haɗa littafin maƙaloli don girmama alƙali, ko su kafa lacca ta shekara-shekara da sunansa.

Shin addini ya yarda da irin wannan karramawa?

Abin da babu saɓani a kansa shi ne addu'a, neman gafara ga mamaci, yi masa sadaka da kyautata wa iyalinsa. Hadisi ingantacce ya nuna aikin ɗan Adam na yankewa da mutuwarsa sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ɗaukar nauyin karatun ɗalibi, sayen littattafai ga ɗakin karatu ko taimaka wa talakan da ke tsare ba lauya, duk suna shiga wannan babi idan aka yi da niyya. Taron addu'ar bakwai ko arba'in kuwa malamai sun saɓa a kansa, kowa ya bi malamin da ya amince da shi, kuma a girmama abin da iyalin suka zaɓa.

Akwai wani hadisin da ya kamata ya sa mu ƙara yi masa addu'a, wanda ya ce alƙalai uku ne, biyu a wuta, ɗaya a Aljanna. Mutumin da ya yi shekara 33 yana yanke hukunci tsakanin bayin Allah ya fi buƙatar a roƙa masa gafara fiye da a yi masa kirari.

Ya halatta a soki hukuncinsa yanzu da ba ya raye?

Zagin mamaci haramun ne, kuma ƙaga masa abin da bai yi ba ya fi muni. Nazarin hukunci kuwa wani abu ne dabam. Hukuncin Kotun Ƙoli doka ce da ke aiki a kan rayayyu, dole a karanta ta, a auna ta, a ce nan an dace, nan ba a dace ba. Kotun da kanta tana da ikon sauka daga tsohon hukuncinta idan ta gane akwai kuskure. Taron tunawa da aka gayyaci mai magana ɗaya da zai kare hukuncin shari'ar Buhari na 2005 da wani da zai soke shi cikin ladabi ya fi girmama Uwais a kan wanda kowa zai tashi ya ce ba a taɓa yin irinsa ba. Amsoshin da suka gabata kan zamanin Abacha, kuɗin man fetur da shari'ar Buhari za su iya zama tushen irin wannan muhawara.

Mu ƙaramar ƙungiya ce, ba mu da kuɗin gini ko babbar lacca. Me za mu iya yi?

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne rahoton nan. Ku samo shi, ku zaɓi shawara ɗaya, misali ta hukumar hukunta masu laifin zaɓe ko ta zaɓen ƙananan hukumomi, ku sa wani lauya ya yi bayaninta da Hausa a zaure, a makaranta ko a gidan rediyo. Sannan ku rubuta wa ɗan majalisar tarayya na mazaɓarku da sanatanku, ku tambaye su matsayinsu a kanta, ku kuma halarci zaman jin ra'ayin jama'a idan ana gyaran tsarin mulki. Gyaran tsarin mulki ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, don haka ɗan majalisar jiha da kuke haɗuwa da shi a masallaci ko wurin ɗaurin aure yana da ƙuri'a a wannan magana.

Kafin ku sa sunansa a kan gasa, gidauniya ko kyauta, ku nemi izinin iyalinsa ta hanyar da ta dace. Kada a tara kuɗi da sunansa ba tare da an bayyana wanda ke riƙe da su da yadda za a kashe ba. Idan ɗan siyasa ne zai ɗauki nauyin taron, a yi yarjejeniya tun farko cewa ba dandalin kamfe ba ne.

A ina ɗalibi zai samu hukunce-hukuncensa, kuma da wanne zai fara?

Ana samunsu a kundayen rahoton shari'o'i, musamman jerin NWLR da marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985, wanda akan samu a ɗakunan karatu na tsangayoyin shari'a da na manyan kotuna. Da yawa kuma suna intanet, haka ma rahoton kwamitin 2008. Ana neman shari'a ne da sunayen masu ƙara da shekara, misali Antoni Janar na Legas da Antoni Janar na Tarayya, 2004.

Ga mai farawa, wannan ta Legas ta fi sauƙin bi, domin tambayar ɗaya ce kuma kowa ya san ƙaramar hukuma. Ya karanta ta yana riƙe da tsarin mulkin 1999, ya buɗe sashe na 7 da na 8 da na 162. Daga nan sai ya ɗauko hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ya kwatanta yadda kotun ta karanta sashe na 162 a lokutan biyu.